Gishirin Zubaida

Bukkuyum.

Assalamu alaikum, Asabe. Ina gida, ina ruwa, ina ƙanena Magaji? Tunda anka rufe layin waya, dole na ba direba wannan takarda.

Ɗiyarki Zubaida ta kunyata ni. Da anka kawo ta kin ce tana da ciwon ƙoda. Kowa ya san mai ciwon ƙoda ba ya cin gishiri, shi ya sa na ware mata tukunyarta, na kulle gishiri a ɗakina. To jiya na same ta a garke, durƙushe, tana lasar gishirin tumaki! Ban iya riƙe bakina ba, na yi salati har maƙwabta sunka shigo. Amaryar ɗana Mu'awiya, ɗiyar ƙanena! Yanzu ko taron suna ba ni son zuwa. Ki ja mata kunne.

Yayarki, Uwani.

Bukkuyum.

Inna, ina wuni? Allah ya ƙara girma.

Na san Goggo ta rubuto miki. Gaskiya ce, na lasa. Inna, da ƙasa za ta tsage da na shige. Ƙwayoyin maganina sun ƙare tun kafin kasuwar da ta wuce, shi kuma maigidan yana Anka wurin aiki. Ta yaya zan dubi idon surukata in ce ta ƙara mini gishiri, alhali don tausayi ta hana? Ko abinci ba na iya ci a gabanta.

Ƙafafuna sun fara mutuwa kamar na da. Yau tulu ya suɓuce mini, yatsuna suka ƙage, ƙirjina yana bugawa yana tsallake. Mutanen gidan sun ce son jiki ne. Don Allah kada ki gaya wa Baba.

Ɗiyarki, Zubaida.

Gummi.

Wa alaikumus salam, Yaya Uwani. Muna lafiya, sai dai hankalina ba ya jikina.

Yaya, ki buɗe wannan gishirin yanzu, kafin ki gama karatu! Ciwonta ba irin wanda kinka sani ba ne. Likita ya ce gadonsa ta yi, ta wajena da ta wajen Magaji duka, tunda jininmu ɗaya. Ƙodarta zubar da gishiri take yi cikin fitsari, tare da wani sinadarin jini, fotasiyam. In ya yi ƙasa sai jiki ya mutu, zuciya ma tana iya tsayawa. Gishiri magani ne gare ta, jikinta ne ke kuka, ba kwaɗayi ba.

Ga ƙwayoyi na ba direba, amma ku fara kai ta asibiti a auna jinin. Ki ba ta ayaba, dankali da dabino. Kada ki jira ta roƙa. Ni na tarbiyyantar da ita, na san za ta mutu a bakin murhunki ba ta ce miki uffan ba.

Ƙanwarki, Asabe.

Bukkuyum.

Asabe, salama.

Takardarki ta iske ta kwance, ko hannu ba ta ɗagawa. Ni na goya ta zuwa mota. A asibiti sun sa mata ruwa da magani, yau ta taka da ƙafarta, muna gida.

Da ta farka, abin da ta fara cewa: "Goggo, ki yafe mini." Wallahi Asabe, na kasa ɗaga kai.

Da hantsi na aika anka kira matan nan da sunka ji salatina. A gabansu na zuba gishiri a kwanona na aure, na kai ɗakinta, na lasa, sannan na miƙa mata. Ta rufe fuska da gyale, amma ta karɓa.

Ki gaida Magaji. Ni ba zan iya rubuta masa ba tukuna.

Uwani.