Harajin Hayaƙi a Babur Mara Salansa

Daren Talata, Rogo

Kai, mai karɓar harajin nan na bakin kasuwa akwai basira! Ya tare ni da sabon babur ɗina mai caji, ya zagaye shi sau biyu yana neman salansa bai gani ba, amma ya yanko mini rasit na kuɗin gurɓata iska. Na ce, "Yallaɓai, na rajista na biya, ga takarda. Wannan kuwa nuna mini hayaƙin, in biya a tsaye." Sai ya zare makulli. Haka na turo abina gida, gumi sharkaf, ga fasinjojina na gobe za su bi wani. Su bi, sisi ba zan bayar ba. In dai hayaƙi ake wa haraji, nawa za su yanka wa murhun innata?