Shaidar da Na Ara

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
Talata, 13 ga Mayu

Zuwa ga Kakata, takwarata,

Ki yi mini afuwa, gaisuwa za ta zo daga ƙasa. Na san halina, idan na fara da ita zan cika takardar da tambayar awaki da gyaɗa, in naɗe ban faɗi abin da ya sa na ɗauki biro ba. Kaka, na yi ƙarya a coci. Ban gaya wa kowa ba, ko Mama. Ke ce ta fari.

Kin san muna ajin baftisma, mu goma sha ɗaya, za a yi mana ranar Fentikos, takwas ga Yuni. Malam Bitrus, dattijon da yake koya mana, ya ce kowa ya rubuto shaidarsa: yadda yake a da, da yadda Ubangiji ya canza shi. Victor ya rubuta yadda ya rabu da abokan shaye-shaye. Faith ta rubuta ciwon da ya kwantar da ita wata huɗu. Ni kuwa kwana uku ina kallon farar takarda. Me zan ce? A gidan masu bi aka haife ni, ina zuwa sujada, ina wanke kwanuka, ina jin kunyar mutane. Shi ke nan fa.

To akwai wani littafin soyayya da Wasila ta ara mini, ƙawata ta gidan da ke jikin namu. A ciki yarinyar ta faɗa kogi, ruwa ya yi gaba da ita, sai wani saurayi ya miƙo hannu ya fizgo ta. Na karanta wurin ya fi sau goma. Shi na ɗauko ɗungurungum. Na mai da kogin rafin bayan gidanki, na ce a hutun daminar bara ne da na zo wurinki. Na cire saurayin, na ce sunan Yesu na kira sai na ji hannu ya riƙe ni, na farka a bakin gaɓa ina kuka, tun daga ranar na zama sabuwa.

Kaka, ya yi daɗi. Abin da ya fi damuna ke nan. Da na karanta a aji muryata ko rawa ba ta yi ba, ni da ko "amin" ba a ji daga bakina. Faith ta yi hawaye. Malam Bitrus ya cire tabarau ya goge, ya ce tawa za a karanta a gaban jama'a ranar baftisma, kuma ni da bakina.

Labari ya iso gida kafin in iso. Mama ta rungume ni tana kuka, tana cewa ya aka yi Kaka ta ɓoye mata abu irin wannan. Ta riga ta kai farin yadina wurin tela a Sama Road. Tun ranar tuwo ba ya wuce mini, suna cewa zafin garin ne.

Ga roƙona. Idan kin zo, kika ji na karanta, ki yi shiru kawai. Ban ce ki yi ƙarya ba. Shiru kaɗai.

Ban kira ki ba don wayar ta Mama ce, kuma sai an ɗaga murya kike ji, duk unguwa za ta sha labari. Zan ba Gidaɗo direba wannan tare da albasar da Mama ta aiko miki.

Yanzu ga gaisuwa. Ina kwananki, ina gajiya, ya ƙafar? An samu ruwa a wurinku? Mu nan hadari yake haɗuwa ya watse. Ki gai da kowa.

Jikarki mai jin kunya,
Uwani

*

Ƙasar Zuru
Asabar, 17 ga Mayu

Takwarata Marta, wadda ubanta ba ya iya kiran sunanta sai ya ce Uwani,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Muna lafiya, ruwa ya sauka sau biyu, an fara shuka. Albasa ta iso, uku sun ruɓe. Ki gaya wa uwarki ta daina ƙulle su a leda.

Ke da rafi? Ke da kwaɗo ya yi tsalle a gindin randa kika hau turmi kina kiran sunana? Duk hutun nan ban ga ƙafarki ta wuce mangwaron ƙofar gida ba, kina kwance da littafi a fuska kina murmushi ke kaɗai.

Uwarki ta riga ki. Ta kira ni ranar Lahadi, ta yi mini faɗa irin nata, cikin ladabi, da "Mama" a farkon kowace magana. Na ce mata to. Kwana biyu na yi ina tunanin ko tsufa ne ya cinye mini rafi guda da jika a cikinsa. Da takardarki ta zo na yi dariya har awaki suka juyo. Daga baya kuma na daina.

Shirun da kika roƙa ba zan yi miki alkawarinsa ba. Ba zan miƙe a coci in tona ki ba. Amma idan uwarki ko malaminku ya dube ni ya tambaya, abin da na sani zan faɗa.

Bari in ba ki tawa shaidar, tunda ba ki taɓa tambaya ba. Cocin nan namu da kika sani da rufin kwano, a gindin ɗorawa ya fara, da mutum bakwai. Wani mai bishara ne yake zuwa a kan keke, matarsa a baya. Ni ba haske na gani ba, ba murya na ji ba. Matar tana koya ɗinki, ni kuma allura nake so. Na je don allura, na zauna don waƙa, har na koyi karatun da nake rubuto miki da shi yanzu. Shekara biyu ina zuwa kafin in nemi baftisma.

Ranar da dattawa suka zaunar da ni suka ce, Marta, me ya canza? Can na ce musu, da kullum gari ya waye sai na zagi Saratu facalata, yanzu kuwa sai in kai azahar ban zage ta ba. Suka yi ta dariya. Babbansu ya ce, to saura yamma. Suka yi mini baftisma. Saratun nan a hannuna ta cika bayan shekara talatin, ni na yi jinyarta.

Ki tambayi malaminku waɗanne irin mutane ne suka fara ikilisiya tun can farko. Ki buɗe baki ki tambaya, ba ya cizo.

Ki ci abinci. Ki gai da iyayenki. Ubangiji ya kiyaye ki.

Kakarki,
Marta babba

*

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
Lahadi, 25 ga Mayu

Kakata abar ƙaunata,

Barka da war haka, da fatan kina lafiya, ƙafar kuma ta yi sauƙi. Na karanta takardarki sau huɗu. Na ji haushinki a na farko, ba zan ɓoye ba. A na huɗu kuma labarin "saura yamma" ya sa na toshe baki da gyale don kada Mama ta ji ina dariya.

Ban ma kai ga tambaya ba, jiya Malam Bitrus da kansa ya ɗauko zancen, tunda Fentikos ta matso. Ya ce ikilisiya a wani ɗakin bene ta fara a Urushalima, da mutanen da ba da daɗewa ba suke kulle ƙofa don tsoro. Masunta ne da mata da talakawa. Babbansu, takwaran Malam, ya taɓa cewa bai san Yesu ba har sau uku, kuma wata baranya ce ta fara tsorata shi. Aka ce su jira, suka jira suna addu'a. Da Ruhu Mai Tsarki ya sauko, mutanen nan dai su ne suka fito fili suka yi magana, jama'a suka tuba, suka riƙa cin abinci tare gida gida.

Kin san ni da tafiya ina zaune. Sai na gan ni a ɗakin, can lungu bayan matan, ina jin ƙamshin gurasa, ina addu'a kada a ce in yi magana. Na ji daɗin ɗakin nan, Kaka. Ashe akwai irina a ciki.

Ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Duk aji suka juyo. Na ce, Malam, ya aka yi kowa ya san takwaranka ya yi musun, ba a rufa masa asiri ba? Malam ya ce, "A ganina shi da kansa ya riƙa faɗa, 'yata. Mutumin da aka gafarta wa ba ya wahalar ɓoyewa." Na sunkuyar da kai kamar ni ya kira da suna.

Da aka tashi na tsaya don in gaya masa. Na gaishe shi, ya amsa. Na sake gaishe shi. Na tambayi iyali. Ya ce, "Uwani, akwai magana ne?" Na ce babu, na gudo.

Wasila ma ta gane. Ta shigo karɓar littafinta ta tarar da shaidar a kan katifa, ta karanta tun ban ankara ba. Ta ce, "Ke Uwani! Wanga ba kogin littahina na ba? To ina kinka kai saurayin? Kin bar mini shi ko?" Ta yi ta dariya har da riƙe ciki. Da ta ga idona ya cika sai ta zauna kusa da ni ta ce, "Ni dai ban san yadda kuke yi ba a wurinku. Amma na san ki. Ba ki iya tsayawa gaban mutane ki karanta wanga abu."

Ga abin da nake tsoro. Idan na faɗa, dattawa suna iya ɗaga baftismata zuwa baɗi, an taɓa yi wa wata. Su Faith za su shiga ruwa ina zaune a benci. Matan zumunta sun riga sun raba wa juna girki, rigar kuma ta dawo daga tela, ta yi mini cif. Sannan idan na cire rafin, me ya rage? Ke kina da Saratu. Ni ba ni da kowa da na daina zagi.

Jiya da la'asar an yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi, yara suka fito suna tsalle a lungu. Na so a ce kina nan.

Ki huta lafiya.

Taki,
Uwani

*

Ƙasar Zuru
Alhamis, 29 ga Mayu

Takwara,

Gaisuwa da fatan alheri. Ƙafa da sauƙi. Gidaɗo yana tsaye a kaina yana cewa fasinja na jira, don haka ba zan ja ba.

Kin ce ba ki da komai. Bari in tuna miki. Bara kin shanye mini zumar da na ɓoye a bayan buhun dawa, kika ce kyanwa ce. Kyanwar da ta iya buɗe kwalba ta mai da murfi. Na dube ki, ko ƙifta ido ba ki yi ba, kika ci tuwo malmala biyu, kika yi barcinki har rana ta haska miki fuska.

Bana kin yi ƙarya, ba wanda ya kama ki, yabo ma aka yi miki, amma mako uku abinci ya ƙi wuce miki. Wa ya tsaya miki a maƙogwaro? Ba ni ba ce, ina nan Zuru. Yarinyar zuma ba ta rubuto wa kakarta takarda. Wannan da ta rubuto wata ce daban. Ki zauna ki yi tunani a kai, za ki ga abin da ya rage bayan an cire rafi.

Idan baki ya ƙi, ai hannunki yana aiki, na gani. Ki rubuta wa malamin. Amma ki fara da uwarki, don har yanzu gaisuwarta a waya guntuwa ce.

Ko sun ɗaga ko ba su ɗaga ba, ina zuwa. Na wanke zanena, Gidaɗo ya ce kujerar gaba tawa ce. Idan benci ne, mu zauna tare.

Kuma kina da bashin haƙuri na zuma. A'a, na soke wannan, na yafe tun bara.

Ubangiji ya ba ki ƙarfin zuciya.

Kakarki

*

Ƙofar Taramniya, Sakkwato
Asabar, 31 ga Mayu

Kaka,

Ina wuni, da fatan kin wuni lafiya.

Na gaya wa Mama da safe muna tsintar shinkafa. Hannunta dai ya ci gaba da tsinta. Can ta ce, "Ashe ba ki faɗa ruwa ba." Na ce e. Ta ce, "To na gode wa Allah da wannan tukuna. Sauran faɗan sai na kira kakarki na ba ta haƙuri." Da rana na cinye kwanona tas, har na ƙara.

Na rubuta wa Malam Bitrus. Rabin shafi ce, ba kogi, ba kuka, ba ta da daɗin karatu ko kaɗan. Na ce masa shaidar farko daga littafi na ɗauko ta. Na ce da ina yin ƙarya in yi barci, yanzu na yi na kasa, kuma na gaskata Ubangiji ne ya hana ni. Na sa har da zumar. Na ce duk abin da dattawa suka yanke na karɓa.

Rigar tana rataye a bayan ƙofa. Na duba kalmasarta, da saura a ciki, ko baɗi ne tela zai iya sake ta.

Ƙarfe huɗu ake shiga aji, yanzu uku da rabi. Da na sa takardar cikin jaka, sai na ciro ta, don kada in ce na manta. Tana hannuna. Wasila ta ce za ta raka ni har bakin titi don kada in juyo. Zan miƙa masa tun kafin in gaishe shi.

Sai kin zo. Ki taho mini da gyaɗa.

Takwararki,
Marta ƙarama