Hoton Kawu Mato da shanun Malam Hammadu

Kibiya, ranar Litinin.

Ƙanwata Afra'u,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, karatu yana tafiya daidai, kuma sanyin Jamus bai fara matsa miki ba. Allah ya tsare mana ke. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har gidan suna ta je da kanta, Bushra kuma ta yaye 'yarta.

Maganar Kawu Mato ce ta sa na zauna rubutu. Da damina wasu samari 'yan wata sabuwar ƙungiya suka same shi a gonarsa ta Tarai, suka ba shi buhun taki, suka nemi hotonsa. Sai da suka sa ya cire tabarau da takalmi. Surukinsa Malam Hammadu Bafillace yana riƙe da garmar shanu, suka ce ya matsa gefe, amma suka bar shanunsa a hoton. Yanzu an manna shi daga nan har Rano, an rubuta wai ga ɗan asalin ƙasa, mai jinin noma. Da na karanta wa Kawu, cewa ya yi ai ba ƙarya suka yi ba.

Ni kuwa sai na tuna na taɓa karanta irin wannan game da ƙasar da kike. Kafin yaƙin duniya na biyu, lokacin da farashin amfanin gona ya karye, ƙananan manoman Jamus suka shiga ƙunci, 'yan Nazi suka riƙa buga hotunansu suna kiransu tushen jinin ƙasa. Aka yi dokar gona: ba a sayar da ita, ɗa ɗaya ke gado, kuma sai ka tabbatar babu Bayahude a kakanninka. Manomi ya sha kirari, 'ya'yansa suka ci gaba da gudu birni, maƙwabcinsa ya zama bare. To amma ban sani ba ko zuzutawa nake. Rano ba Jamus ba ce, kuma ɗaya daga cikin samarin Muntari ne, wanda muka yi firamare tare. Ya rantse mini manoma kawai suke son a girmama. Na yarda da rantsuwarsa, hankalina bai kwanta ba.

Kin san shekara talatin ke nan, da an gama girbi Malam Hammadu yake kawo shanu su kwana a gonar Kawu, su ci kara su bar taki. Bana bai zo ba. Kawu ya aika, ya amsa cewa ya kai su Yalwa, gonar 'yan asali ta huta. Yanzu Kawu ya ce in raka shi ran Juma'a in yi wa mutumin bayanin rubutun, tunda ni ne ɗan jarida. In na ce ba shi da wata ma'ana, na yi ƙarya. In na faɗi abin da nake tsoro, kakanni biyu da suka haɗa jikoki zan raba. Zan turo miki takardar nan ta waya, ki gaya mini ra'ayinki kafin ranar.

Inna, Bushra da Fatima Zahra'u suna gaishe ki. Kawu ma ya ce a gaishe ki, kuma da na ɗan taɓo masa labarin manoman Jamus, ya ce wai ki tambayo masa ko su can sun shirya da maƙwabtansu Yahudawa daga baya. Ban gaya masa amsar ba.

Yayanki,
Salahuddeen