Faifan da Ka Bari a Akwati

Zuwa ga ɗana Sanusi,

Gaisuwa mai yawa daga Dakoro. Yaya karatu, yaya sanyin Aljeriya? Ciwon haƙorin nan ya sake ka? Mu lafiya lau. Innarka ta tafi Sabon Maci jinyar kakarka, yau sati uku, gidan sai ni da tumaki.

Ran Juma'a ina neman takardar fili a akwatinka, na ga faifan fim ɗin nan na mahaya dawaki, wanda nake kashe maka tele saboda shi. Bayan la'asar na saka, na zauna kan tabarmarka. Ba na jin Faransanci, amma na gane wasu abokai ne tafiya ta raba su, kowa bai san halin da ɗan'uwansa ke ciki ba. Awa uku ina jira su haɗu, fim ya ƙare ba su haɗu ba.

Na kai wa Mushe Idi, malamin makarantar lakwal ɗinku, na ce faifan ya lalace. Ya yi dariya ya ce, "Alhaji, wannan na tsakiya ne. Uku ne, daga littattafai aka ɗauko su. Kana son in gaya maka ƙarshen?" Na ce a'a, daga bakinka nake son ji.

In ka kira, kada ka tsaya kan gaisuwa kaɗai. Ba ni labarin tun daga farko, ba zan katse ka ba.

Ka sa kakarka a addu'a. Ka gaida abokan ɗakinka. Allah ya yi maka albarka.

Babanka,
Alhaji Mamman