Murhun da Babu Toka

Assalamu alaikum Yaya Rabi,

Ina gajiya, ina hidima? Yaya Malam da yara, da zafin Damagaram? Mu nan Lyon lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, likita ya ce ta riƙa tattaki.

Shi ya sa ran Asabar na kai ta wani tsohon gidan sarauta a bayan gari, ginin dutse, ya kai shekara ɗari biyar. Wata baturiya ce ke zagayawa da mu tana bayani, ni kuma ina mayar wa Inna da Hausa.

A ƙofar ɗakin mai gidan sai Inna ta tuɓe takalmi, ta yi sallama. Turawa suka tsaya kallo. Na ce, "Inna, ba kowa ciki."

Ta ce, "To ina jikokinsa?"

Baturiyar ta ce sun watse tuntuni, hukuma ke kula da gidan. Muka shiga madafa, ga tukwane an goge an jera, murhu ko toka babu. Daga nan muka dawo gida.

Kin san takardun zamanta da nake ta nema. Jiya ta ce in bar su. Na yi magiya, ta ce ita murhunta ba zai huce haka ba tana da rai.

Bayan salla za ta taso. A buɗe ɗakinta ya sha iska, a sayo itace.

Ki gaida Kawu Sani da mutanen gida. Ku sa ni a addu'a, zan koma cin abinci ni kaɗai.

Ƙanwarki,
Zuwaira