Malafar Eleuterio da Hular Kwano

San Antonio, Litinin

Zuwa ga 'yata Nicasia,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da yara da uwarki. Mijinki Wilfredo ma ki gaishe shi, in kin ga dama.

Ina nan gidan ƙanena, ina cin wake da shinkafa ba mai ba ni umarni. Kada ki ɗauka kewa ce ta sa na ɗauki alƙalami, kin san ni da shi ba ma shiri. Tuna miki zan yi. Tun ba a haife ki ba nake ratsa kogon nan a kan tif ɗin tayar tarakta, da fitilar kananzir a hannu. Ni na fara jera baƙi 'yan yawon buɗe ido a kan tif, in haɗa su a igiya ina jan su cikin ruwan kogon daga wannan baki zuwa wancan. Yau kuma ke ce za ki tsayar da ni gaban baƙi, wai ba zan taɓa igiya ba sai na cire malafata na kifa hular kwano kamar kunkuru. Duwatsun kogon nan sun san malafata. Ba zan dawo ba.

Mahaifinki, Eleuterio

*

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yara na tambayarka. Dokar hukuma ce, Baba, ba tawa ba. Aka ga mai jan baƙi ba hula, rufe mu za a yi.

Ga labari. Mama ta ce Asabar mai zuwa za ta shiga kogo. E, Mamar da ka sani, wadda ke cewa ƙofar lahira ce. Har ta gwada rigar hana nutsewa, yara suna ta dariya. Wilfredo ne zai ja ta.

Ka huta lafiya.
'Yarka, Nicasia

*

Nicasia,

Ina gaishe ki, amma a taƙaice.

Tun muna ango da amarya nake lallashin uwarki Crescencia ta leƙa ko bakin kogon, tana ce mini ita ba jemage ba ce. Sai da na bar gari ta ga dama? Kuma Wilfredo? Yaron da ke jan igiya kamar mai kai alade kasuwa? Ba ya ƙona turaren ƙaro a bakin shiga, haka yake kutsawa gidan iskokin wurin ba sallama. Sannan a inda ruwa ke raguwa, sai baƙi sun gurje a kan dutse yake tuna ya ce a ɗaga mazaunai. Uwarki ba yarinya ba ce, ƙugunta na ciwo. Ki hana ta. Ki ce ni na ce.

Mahaifinki

*

Baba,

Ina fatan ka tashi lafiya. Na karanta mata wasiƙarka tana naɗe tamale, alalar masarar nan tata, a ganyen ayaba. Ta ce in rubuta maka maganarta yadda ta faɗa, to ga ta:

“Ki gaya wa tsohon rigima idona ya fara hazo, ina so in ga abin da ya hana shi zaman gida tun ƙuruciyarmu kafin ganin ya ƙare. An ce akwai inda ake kashe fitilu duka a yi shiru. A wurin nan dole in riƙe hannun wani. In na Wilfredo ne, to na Wilfredo ne, yaron yana da hannu mai laushi. Malafar kuwa ni na saƙa ta, na kuma san sanƙon da take rufewa. Bai kai a yi yaji a kansa ba.”

Wilfredo ya ce a gaishe ka, wai ya sayi turaren, ka faɗa masa inda ake ajiyewa. Za mu tashi da safe in rana ta ɗan ɗaga.

Taka har kullum, Nicasia

*

Nicasia,

Gaisuwa. Ina tafe a motar Juma'a. Ki nemo mini hular kwano mafi girma a shagonku, wadda malafa za ta shige ƙarƙashinta. Dokar ba ta ce kada a sa biyu ba.

Wilfredo ya riƙe jakar tamale. Hannun nan nasa mai laushi, abin da ya dace da shi ke nan.

Mahaifinki, Eleuterio