Saniyar da Ba Ta da Lamba

Yaya Sjoerd,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da Aukje da yara kuna lafiya a can New Zealand. Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan Friesland ruwa ne ba dare ba rana, shanu na cikin garke, ni kuma ina fama da Baba da taurin kansa.

Ka tuna kyamarorin da na sa aka kafa a hanyar fita daga wurin tatsa? Manhajar ta koyi tafiyar shanu daga dubban bidiyo. Duk abin da ya motsa sai ta zana masa akwati, ta bi shi, in ta ga ɗingishi ta turo min saƙo a waya. To, tun kaka kullum sai ta ce akwai wata saniya marar lamba a ƙarshen layi, ƙafarta ta hagu ba lafiya. Na duba kofaton kowace, lafiya lau. Har na kira masu manhajar na yi musu faɗa.

Da na zauna na kalli bidiyon, ashe Baba ne. Ka san shi ne ke biyo saniya ta ƙarshe. A gabanmu yana tafiya a miƙe kamar soja, amma da ya ga ba kowa sai ya sunkuya, ya ɗora nauyinsa a bayan tsohuwar saniyarmu Tsjerkje, tana jan sa a hankali. Yaya, na yi kuka.

Na nuna masa muna shan kofi. Ya ce na'urar banza ce, ba ta ma san mutum da dabba ba. Na ce da saniyarsa ce ke tafiya haka, da tuni ya kira likitan dabbobi. Washegari ya bi ni asibiti.

Likita ya ce ƙashin ƙugunsa ya cinye, sai an yi aiki, in an ja lokaci zai daina tafiya. Ya ce ba zai kwanta ba, don ni kaɗai ba zan iya tatsa safe da yamma ba, kuma baƙo ba zai taɓa masa shanu ba. Na tambaye shi ko kai ma baƙo ne. Ya ce kada in kuskura in dame ka, sannan ya tambaya ko har yanzu takalman robarka na nan a ɗakin ajiya. Suna nan, na wanke su. Ka zo.

Gwaggo Baukje na gaishe ku. Ka sumbatar min yara, Jelmer da Rixt.

Ƙanwarka mai kewarka,
Tjitske